Kawuna Wanzami da Shari'ar Kifi

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata bayan azahar, kafin la'asar ta yi sanyi mun kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne wanzamin ƙauyenmu da ke gefen Maska tun kafin a haife ni. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ni dai ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Mutum zai shigo zaure fuska a murtuke, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce, "Ya haƙuri?" a ce masa, "Da godiya." Sai ya zauna yana kallon tabarma. Can sai ka ga kafaɗarsa ta fara rawa, ya ja hannun riga ya toshe baki. Liman da ya tsawata wa mutane har sau biyu cewa nan fa gidan mutuwa ne, shi ya fara karya dokar da kansa. Ya ce, "Allah Ya gafarta ma wannan bawan Allah. Wata rana ya laɓe bayan katangata ya yi irin tarina, wallahi sai ga mai ɗakina ta hito da buta tana cewa, Malam har ka dawo?" Zaure ya ɗauka gaba ɗaya, masu hawaye na share hawaye suna dariya.

Da yamma sai ga wata dattijuwa Bayarabiya a bayan babur daga Funtua. Tela ce, a can aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ita ce ta riƙa ɗinka wa Kawu kayan wasa shekara da shekaru. Ta shige cikin gida wajen Inna, mahaifiyata, ta zube tana kuka tana cewa, "Hajiya, wa zai ƙara zuwa shagona ya ce in ɗinka mashi tumbi?" Mata suka rasa ko su taya ta kuka ko su yi dariya, sai suka haɗa duka biyun.

Ni kaɗai ne ban yi dariya ba. Mutane sun ɗauka zafin rashi ne, suna ta ba ni baki. Akwai zafin rashi, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Shekara tara Kawu yana ɗauke da laifin da ni na aikata, har ya shiga kabari da shi ban buɗe baki ba. Ba na son a manta da shi, kuma ba na son a tuna shi a karkace, shi ya sa na zauna nake wannan rubutu.

Gajere ne, baƙi, mai ƙananan idanu da ba sa tsayawa wuri ɗaya. A gindin ɗorawar bakin kasuwa yake shimfiɗa buzunsa, ya buɗe zabira, ya jera asake. In ka ba shi kanka, to ka ba shi duk jikinka ba ka sani ba, don yana aski yana haddace yadda kake haɗiyar miyau da yadda kake sosa kunne in za ka yi ƙarya. Kana tashi, wanda ya biyo bayanka zai sha kallonka kyauta. Ba ya ƙara gishiri, abin da ya sa nasa ya fi ciwo ke nan. In wani ya zo ƙorafi sai ya ce, "To ni me na yi? Kai ne ka yi, ni maimaitawa na yi." Yana da wani jaki da ya raɗa wa suna Akawu, wai don ba ya sauri kuma ba ya duban mai magana. Da shi yake zuwa lambunsa na albasa a bakin ƙorama kullum da sassafe, yana tafe yana ba shi labarin gari.

Amma inda Kawu ya fi zama Kawu shi ne fagen kalankuwa. Matasan yanzu ba su san ta ba sosai. In kaka ta yi, an kai amfani gida, samari da 'yan mata kan kafa rumfunan zana a bayan gari su yi mulkin kansu na kwana uku. Su naɗa Sarkinsu da Gwamnansu da Likita da 'yan doka, a gayyato ƙauyuka, kalangu na tashi, ƙanshin tsire da ƙosai ya cika wuri. Akwai kotu, kuma duk wanda ya taka fagen, ko dagaci ne, ana iya gurfanar da shi a ci shi tarar goro. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: abin da aka faɗa a fage ba a tambayarsa a gari. Wasan samari ne, amma Kawu ya zama Alƙali tun yana saurayi, ya yi aure, ya yi furfura, ya ƙi sauka. Su ma samarin ba su taɓa neman ya sauka ba. Ina iya rufe ido yanzu in gan shi a kan turmin da aka kife, da rawanin buhu, da tabarau ba gilashi, yana yanke wa wani mutum hukunci saboda minsharinsa ya hana kajin maƙwabta yin ƙwai. Kai, an yi zamani.

Shekara biyar ko shida bayan an canja kuɗi zuwa naira, wani kamfani ya zo ya karɓi dajin da ke arewa da mu ya share ya shuka auduga, iya ganinka. Ba zan ambaci sunansa ba, ya daɗe da watsewa. Ni lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, na ɗan taɓa makaranta, sai aka ɗauke ni shugaban 'yan feshi. Aka ba ni kaki da dogayen takalman roba. Ranar da na fara shigowa gari da su, tafiyata ma ta canja, kuma Kawu bai bari ta wuce shi ba.

Maganin ƙwarin a manyan durori yake zuwa. In an juye, Manaja ya ce a wanke su a mayar ɗakin ajiya, kuma ba ya son leburori su san inda ake wankewa. Rijiyar kamfani ta yi nisa, ƙorama kuwa tana nan kusa. Ni nake tura su a amalanke zuwa wata kwana da ke sama da mashaya, inda geza ta rufe, in ɗauraye in dawo kafin 'yan aiki su taru. Ruwan kan yi fari ya gangara. Na gaya wa kaina ruwa mai gudu ne, zai tafi da shi. Har wani duro na roƙa na kai wa Kawu kyauta don ya riƙa tara ruwan lambu, ya karɓa yana ta sa mini albarka.

A daminar farko ba a lura ba. A ta biyu kifi ya fara tasowa ciki sama, tarwaɗa da karfasa, har kwaɗi suka yi shiru. Hannuwan matan da ke wanki suka yi ƙuraje. Fulanin rugar da ke gabas da mu suka rasa shanu bakwai a sati guda, Arɗonsu ya zo gidan dagaci yana rawar murya. Aka fara raɗe-raɗin cewa wani ne ke wanke durorin kamfani a ruwan. Aka je wajen Manaja, ya ce maganinsu na tsutsa ne, ba ruwansa da kifi, ya raba wa dattawa lemon kwalba suka dawo. Daga nan Akawu ya sha a mashaya, ya kwana biyu yana kumfa ya mutu. Kawu ya haƙa rami da hannunsa ya binne shi, ya hana a ja shi bayan gari a bar wa ungulu. Mutane na yi masa dariya, shi kuwa ranar bai yi ba.

Saura sati guda a shiga kalankuwa na je aski. Ya jiƙa mini kai, ya fara daga dama kamar kullum. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya, ya kama hannuna ya naɗe rigar har gwiwar hannu. Ƙurajen mata a wuyan hannu suke tsayawa. Nawa sun haura.

Ya ce, "Ɗan ƙanwata, kai ma wanki kake yi a ƙorama?"

Na ce, "Kawu, feshi ne."

"Feshi a baya ake goya shi. Wanga hannu cikin ruwa ya shiga." Ya sunkuyo daidai kunnena. "Kuma tun da ka zauna kake sosa kunne."

Sai fushi ya zo mini, irin fushin marar gaskiya. Na ce umarni aka ba ni. Na ce shi bai san zafin ciyar da iyali ba tunda Allah bai ba shi haihuwa ba. Wannan maganar har gobe in na tuna ta sai na ji kamar in nutse. Na sassauta murya na ce, "Don Allah Kawu, na ji ana cewa bana kamfani za ka gurfanar. In ka yi tahiyata a fage, Fulanin nan ba za su bar ni ba, kuma Inna ba ta ƙara ɗaga kai a garin nan."

Ya goge askar a tafin hannunsa, ya naɗe, ya mayar cikin zabira. Ya ce, "Tashi, na gaji."

"Kawu, rabi fa ka yi."

"Na gani."

A wajenmu wanzami ba ya ƙarasa kan da wani wanzami ya fara sai da izininsa. Na je Maska, wanzamin can ya ɗaga hulata ya leƙa, ya mayar mini da ita ya ce in gai da Kawu. Haka na yi kusan sati biyu da rabin aski a kai, hula har cikin ɗaki, mai ɗakina na tambaya ko ciwo na yi.

Ranar ƙarshe ta kalankuwa da la'asar fage ya cika maƙil. Mutanen Maska sun zo, da na Dandume a kan kekuna, Fulani sun tsaya gefe guda da sandunansu. Samari sun kai wa Manaja goron gayyata, ya zo a motarsa, aka ba shi kujera a inuwa kusa da dagaci. Ni ina bayansa a tsaye. Sai aka yi shela cewa bana Kawu ya sauka daga turmi, Sarkin samari ne zai yi alƙalanci, shi Kawu shi zai fito a matsayin waɗanda ake ƙara.

Mai ƙara matar marigayi Tarwaɗa ce. Mahaucin garinmu, ƙato mai ƙirji kamar ƙofa, shi aka ɗaura wa zani da lulluɓi, aka manna masa gashin baki na tsintsiya irin na tarwaɗa. Ya shigo yana rusa kuka, yana cewa mijinta ya fita neman abinci da safe aka dawo da shi ciki sama. Aka kira shaida, Malam Kwaɗo, ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe, aka ce ai muryarsa ta tafi tun damina. Sannan aka kira Manaja.

Kawu ya fito daga rumfa da tumbin da telar Funtua ta ɗinka, da kwat, da hular ƙwarya, yana kaɗa makullai a yatsa yana duba agogon da babu. Ya yi gyaran murya irin ta Manaja, ya ce kamfani ya lura kifin ƙauyen nan ƙazami ne, bai taɓa wanka da sabulu ba, shi ne aka taimaka masa kyauta, kuma maimakon godiya sai ƙara. Manaja na gaske ya yi dariya har yana buga cinya. 'Yan mata suka ɗauki waƙar da Kawu ya koya musu, kalangu na amsawa:

Kamfani ya zo da sabulu,
Ya yi wa kifi wanka,
Kifi ya yi fes ya kwanta,
Har yau bai tashi ba.

Da aka maimaita ta sau uku, da tafi, dariyar Manaja ta fara raguwa. Kawu ya koma rumfa ya fito a direban kamfani, da ɗingishinsa. Ya koma ya fito a maigadi, yana gyangyaɗi a tsaye. Kowanne ya ce shi bai san komai ba, umarni aka ba shi. Sai Alƙali ya buga sanda ya ce, "To wa ke wanke durorin? A kawo mani shi!"

Fage ya yi tsit, don wannan ita ce tambayar da gari ke yi wata uku. Na san ba sai ya ambaci suna ba. Taku uku kawai zai yi da takalman roba, ya sosa kunne, kowa ya juyo ya dube ni.

Ya daɗe a rumfa. Da ya fito, ba tumbi, ba kwat, ba komai. Rigarsa ce ta kullum da hularsa, da zabira a kafaɗa, yana mirgino duron da na ba shi. Ya yi tafiyarsa ta kansa, ya tsaya gaban Alƙali, ya yi magana da muryarsa, wadda a shekara talatin ba a taɓa ji a fagen nan ba. Ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ɗan garin nan ne ni. A ƙoramar nan na koyi iyo. Ina wanke su a kwanar geza, sama da mashaya, kafin rana ta hito. Na san ba kyau. An ba ni riga mai aljihu huɗu, na ji tsoron a karɓe."

Ba wanda ya yi dariya. Manaja ya tashi ya ce yana da baƙi, ya shiga mota. Ni kuwa ina tsaye, hannuna a kan hula. Na so in fito, Allah Ya sani na so. Ban fito ba.

Wasan ya yi aikinsa. Washegari dagaci da dattawa suka je kwanar geza suka ga sawun amalanke da ƙasar da ta ƙone. Waƙar ta bi motocin auduga har Funtua da Malumfashi, duk inda motar kamfani ta tsaya sai ka ji 'yan tasha na tambayar direba ko akwai sauran sabulu. Maganar ta kai kunnen hakimi. Kafin wata damina kamfani ya haƙa rami can nesa da ruwa, ni ɗin dai nake tura durorin can. Bayan shekara biyu kwaɗi suka dawo da surutunsu, kifi ma ya dawo, ko da yake masunta sun ce bai kai na da ba.

Abin da Kawu bai lissafa ba, ko kuwa ya lissafa ya yarda, shi ne yadda mutane za su ɗauki fitowarsa. Sun saba in ya fito, wani ne ya fito. Yau ga shi da fuskarsa da muryarsa, ga duron kamfani a hannunsa, kuma kowa ya san yana zuwa bakin ƙorama da sassafe. Masu hankali a gari suka ce misali ne ya yi. Wasu suka ce tuba ne ya yi a bainar jama'a, mutuwar jakinsa ce ta karya masa zuciya. Dokar fage ta hana a tambaye shi, shi kuma bai yi bayani ba. Fulani kam ba su yi ta waige-waige ba. Sun ji mutum ya ce shi ne, sun gaskata shi. Tun kakanninsu gidan su Kawu ke yi musu askin suna da ƙaho, daga ranar suka daina. In sun zo kasuwa sai su zagaye ɗorawar. Ya yi rashin kaji da man shanu da ƙwaryar nono da ake aiko masa, amma na san gaisuwar ce ta fi yi masa ciwo, don mutum ne da ba ya iya wuni bai yi hira ba.

Kwana biyu bayan wasan ya zo gidana da hantsi, ya ce in cire hula. Ya ƙarasa askin, ya ba ni wani garin magani ya ce in kwaɓa da man kaɗanya in riƙa shafa wa hannuna. Bai ce komai a kan fage ba. Sau ɗaya, bayan shekaru, kamfani ya riga ya tashi, na same shi a lambu na ce, "Kawu, maganar nan, ya kamata in..." Ya katse ni, ya ce, "Kai da ka yi boko ba ka san doka ba? Riƙe mani igiyar nan." Na riƙe igiya, kuma gaskiya ita ce na ji daɗi da ya hana ni. Ya ci gaba da yi wa 'ya'yana aski, yana kwaikwayon kowa a gari yana sa su dariya. Tafiyata ce kaɗai bai ƙara yi ba har ya bar duniya, kuma na yi kewarta.

Ranar sadakar uku da safe, zaure cike, ana raba waina, sai ga Arɗo. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda, da 'ya'yansa biyu a baya. Ya zauna bakin ƙofa, aka yi addu'a. Sannan ya ce, "Mun ji rasuwar wanzami. Tsakaninmu da shi akwai magana, kowa ya sani. Na tara mutanena jiya, mun ce ba za mu bar shi da nauyi a kabari ba. Abin da ya yi ma shanunmu, mun yafe mashi duniya da lahira."

Mutane suka ce madalla, Allah Ya saka da alheri. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Arɗo, ba shi ba ne. Ni ne. Ni na wanke durorin, damina biyu. Shi bai taɓa ko ɗaya ba. Ya fito ne don kada ku san ni ne."

Liman ya sauke hannu. Daga cikin gida na ji an yi salati, muryar Inna ce. Arɗo ya dube ni ya daɗe, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Shekara tara muna ɗaukar jariranmu har Maska a yi masu aski. Shekara tara yana ce mani sannu Arɗo, ina kau da kai." Ya yunƙura, 'ya'yansa suka tallafe shi ya tashi.

Na ce, "Ka yafe mani."

Ya ce, "Taka sai na yi tunani. Ina kuka sa shi?"

Na shiga gaba na nuna hanya. Da muka isa maƙabarta na nuna masa sabuwar ƙasar da aka jera wa ƙaya, ya tuɓe takalmansa ya ba ɗansa sanda. Ya ce mu tsaya daga nan. Ya ƙarasa shi kaɗai, ya durƙusa a wajen kai, ya yi sallama da ƙarfi irin wadda ake yi wa mai gida a ƙofar zaure, ya yi shiru yana jira.